Wace kalma za mu sa wa "framework" a Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ana rubuta bayanin Spring, wani "framework" na gina manhaja, da Hausa don masu koyon Java, harshen rubuta manhaja, an tsaya a kan kalmar "framework" ɗin. Wasu sun ce a sa "tsari", wasu "ginshiƙi". Wanne ya fi?

Ɗan Java: Wa alaikumus salam. "Tsari" ya yi faɗi, komai ma tsari ne. Malam, a fara duba aikin abin. Tarin kod na aro, kai ne kake kiransa in ka buƙace shi. Shi kuwa Spring, shi ke kiran naka kod ɗin: kai dai ka rubuta aji (class, wani ɓangare na kod) ka sa masa alamar @Service, shi zai ƙirƙire shi, ya haɗa shi da abin da yake dogara da shi, ya san lokacin da zai tashe shi. Duk kalmar da ba ta nuna wannan ba, ba ta kai ba. Ni "tsaiko" nake so, wato itatuwan da ake ɗaurewa kafin a baibaye ɗaki. Shi ke yanke siffar rufin, ciyawa bin sa kawai take yi.

Mai kula da saba: Na yarda da tsaiko, domin in ya sauya, sai an sake baibaya. A Nuwamba 2022 aka fitar da Spring Framework 6.0 da Spring Boot 3.0 (kayan da ke sauƙaƙa tayar da manhajar Spring), suka ce sai Java 17 zuwa sama, sannan sunayen rukunan kod masu farawa da javax suka koma jakarta. Asalin abin, Oracle, kamfanin da ya mallaki Java, ta miƙa Java EE (ɓangaren Java na manhajojin kamfanoni) ga gidauniyar Eclipse Foundation a 2017 amma ba ta bari a ci gaba da sauya abin da ke ƙarƙashin sunan javax ba. Mai ƙaura zuwa Spring Boot 3 ya fara hawa Spring Boot 2.7, ya koma Java 17, sai ya mayar da javax.persistence, javax.servlet da javax.validation zuwa jakarta. Kada ya taɓa javax.sql da javax.crypto, na cikin JDK ne, wato kayan Java ɗin kansa. Masu sauya komai a lokaci guda a nan suke karya manhajarsu. Kuma fayil ɗin WAR (ƙunshin manhajar da ake ɗora wa saba) na Spring Boot 3 ba ya tashi a sabar Tomcat 9. Sabar za ta kunna lafiya lau amma kowane shafi ya dawo da 404, wato ba a samu shafin ba, sai an koma Tomcat 10.1.

Malamar Hausa: Ƙannena, yaran birni da yawa ba su san tsaiko ba. "Firam" fa? Kafintoci da masu walda suna faɗinta kullum.

Ɗan Java: Gaskiya ne Yaya, amma firam na taga ne, yana kewaye abu ne kawai, ba ya ɗaukar nauyinsa. Ginshiƙi kuma ƙwaya ɗaya ne a tsaye. Gara mu bayyana tsaiko sau ɗaya a farkon darasi, bayan nan mai karatu ya riƙe.

Malamar Hausa: To shi ke nan, amma a riƙa cewa "tsaikon manhaja" a ambaton farko.

Mai tambaya: An ɗauka. Jimlar farko za ta zama: "Spring tsaikon manhaja ne na harshen Java, wanda Rod Johnson ya fara, sigarsa ta 1.0 ta fito a 2004." Saura "dependency injection", wato haɗa aji da abin da yake dogara da shi, a kawo shawara.