Za a yanko fata daga goshin ƙanwata a gyara mata hanci, ina neman shawara

Abban Hafsa:
Assalamu alaikum. Ƙanwata zabiya ce, shekararta 27, kayan miya take sayarwa a bakin titi. Wani ƙurji ya fito mata a gefen hanci, wata takwas yana ɓawo yana jini. Gwaji ya nuna ciwon daji ne na fata. An yanke shi ranar Talata, ramin ya ci har bakin ƙofar hancin. Likita ya ce zai juyo da fata daga goshinta, kuma sau biyu za a shiga tiyata. Tun jiya take kuka, wai har goshin ma za a taɓa. Me zai hana a ɗebo daga cinya kamar yadda ake wa masu ƙuna?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Fatar cinya idan an ɗebo ta, ba ta da jinin kanta, kuma tana tsukewa in ta warke. A bakin hanci sai ta ja ƙofar sama, numfashi ya yi wuya. Ta goshi kuwa ba a cire ta gaba ɗaya. Ana barin gindinta maƙale kusa da gira da jijiyar jininta, kamar reshen da bai rabu da bishiya ba. Bayan kamar sati 3, in ta kama, sai a datse gindin, shi ne aiki na biyu. Wataƙila likitan ya yanko ɗan guringuntsi daga kunnenta ya tokare ƙofar. Makonnin nan ne masu wahala, don za ta ga fata ta ratso mata fuska. A shirya mata zuciya tun yanzu.

Baba Isa:
Mahaifinmu daga kunci aka juyo masa, tabon ya ɓuya a layin da ke gangarowa daga hanci zuwa baki. Amma nasa ƙarami ne. Ka tambayi likitan ko nata zai yiwu haka.

Anti Nas:
Ka kuma tambaya ko gwajin naman ya nuna an kwashe ciwon duka kafin a rufe. Bayan sallama kuma malafa da man kariyar rana kullum, rumfarta ta koma inuwa.

Abban Hafsa:
Na gode ƙwarai, Anti. Sakamakon sai Alhamis. Rumfar kam yau zan je in ga mai shagon kusa da mu.