Neman shawara: tsarabar kayan saƙa daga Peru

Assalamu alaikum 'yan uwa. Aiki zai kai ni Lima, babban birnin Peru, wata mai zuwa, kuma ina so in ƙarasa birnin Kusko kafin in dawo. Ina tara kayan aikin hannu na ƙasashe, wannan karon saƙarsu ta gashin alfaka (wata dabba dangin raƙumi) nake so, amma an ce jabu ya cika kasuwa. Yaya zan gane na gaske? Akwai abin da za a hana ni fita da shi?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam Hajiya. Hannunki ne zai gaya miki. Gashin alfaka na gaske yana da sanyi idan kin taɓa, da ɗan nauyi, launinsa ba ya ƙyalli. Na roba kuwa sakayau yake, kalarsa tana kashe ido. Idan mai kaya ya yarda, ki ciri zare ɗaya ki kanga masa ashana: na gaske zai yi ƙaurin ƙonannen gashi ya zama toka, jabu zai narke ya dunƙule kamar leda. A kasuwar Pisak, wani gari kusa da Kusko, kowa cewa yake nasa ne na asali, don haka ki fi ba da ƙarfi a garin Cincero, inda mata ke kaɗi da rini a gabanki. Jan launin da suke rini da shi daga wani ƙwaro suke samunsa, wanda ke manne a jikin tsiro mai ƙaya. Za su murje shi a tafin hannu ki ga ja jawur. Wurinsu kada ki matsa da ciniki, zane ɗaya yana cin makonni.

Baban Khalifa: Hajiya, ki kiyayi duk wanda ya ce miki tukunya ko ƙyalle na zamanin tsohuwar daular Inka ne. In ƙarya ce an cuce ki, in gaskiya ce dokar Peru ta haramta fita da shi. Haka kayan fuka-fukan tsuntsayen daji. Ganyen koka ma (da shi ake yin hodar iblis) da za a ba ki shayinsa saboda tsayin Kusko, kusan mita 3,400, kada ko ɗaya ya shiga jakarki.

Ummu Hanif: Akwatunan birnin Ayakuco masu ƙofa biyu suna da kyau, amma ki buɗe ki duba, cikinsu 'yan mutum-mutumi ne, da yawa na waliyyan Kirista. Ni dai duma mai zane na fi so.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. Maman Ilham, Cincero da nisa daga Kusko?

Maman Ilham: Bai kai awa ɗaya a mota ba. Ki riƙe kuɗinsu a hannu, ƙananan canji.