Yini ɗaya a Kano: Gidan Makama ya isa a ɓata masa safiya?

Bazazzagi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai shigowa Kano daga Zariya da safe, ya koma da yamma, ta ina zai fara? An ce a shiga Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, wasu kuma sun ce hotuna ne kawai a bango. Me ke ciki, kuma awa nawa zai ci?

Malam Na Dala: Wa'alaikumus salam. Wanda ya ce hotuna ne kawai bai ɗaga kai sama ba. Ginin kansa shi ne babban abin kallo. Tun ƙarni na 15 yake, ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma yana daura da gidan Sarki. Dubi rufin: azara ce aka jera, ga bakan gizo na ƙasa da ke ɗauke da nauyin soron ba ginshiƙi a tsakiya. Taɓa bangon ka ji kaurinsa, shi ya sa ko a watan Afrilu za ka tarar da sanyi a ciki.

Abin da baƙi ba sa zato shi ne ɓangaren yaƙi. Akwai bayanin basasar 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu da ke neman sarautar, sai zuwan Turawa a Fabrairun 1903, lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato, sojojin Kanar Morland suka shigo ta Ƙofar Kabuga. Bayan cin garin, a wannan gidan Turawan suka zauna na ɗan lokaci. Ka tsaya gaban tsohon ƙyauren ƙofar gari, ka ƙare wa ƙarfen da maƙera suka daddasa masa kallo. Ka ware awa ɗaya da rabi, kuma ka ɗauki ɗan jagora, don rubutun da ke jikin kayan gajere ne ƙwarai.

Hajiya Mai Lalle: Malam ya manta ɗakin amarya, to nan mata ke daɗewa, ana kallon jeren da yadda ake shirya ɗaki a da. Ƙanena, ka riƙe tsabar kuɗi 'yan canji, kada ka dogara da tiransifa a bakin ƙofa. Ka kuma tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka zaro waya.

Direban Kwanar Dawaki: Ni maganar hanya zan yi. Kada ka sa ranar Juma'a: babban masallaci na nan kusa, daga hantsi hanyoyin wajen ke fara cushewa har a sauko. Acaɓa kuma an hana shi ɗaukar fasinja tun 2013, sai adaidaita sahu, ku yi ciniki kafin ka hau.

Tsarin da ke aiki: Dutsen Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, sai Gidan Makama, sai marinar Ƙofar Mata kafin azahar, lokacin da marina ke bakin karofi suna tsoma zane a ruwan baba, masu bugu na gefe. Kasuwar Kurmi ka bar ta ƙarshe, lungunanta na cinye lokaci, kuma mota ba ta shiga.

Malam Na Dala: Gaskiyar direba, sai dai idan ka iso bayan ƙarfe goma, yar da Dala. Gara ka ƙara da Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan Bature Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Daga can fita hanyar Zariya ba wuya.