Beethoven Mawaƙi Ne, Makaɗi Ne, Ko Me?

Na daɗe ina jin wani abu yana sukata a duk lokacin da na karanta an rubuta "shahararren mawaƙin nan na ƙasar Jamus, Beethoven", domin mutumin nan da aka haifa a Bonn a 1770, ya rasu a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1827, duniya ba ta san shi da rera waƙa ba. Turawa suna kiran mai irin sana'arsa composer, kuma wannan kalma ce nake so mu tsayar mata da Hausa.

Tushen matsalar yana cikin al'adarmu. A wajenmu wanda ya ƙirƙiri waƙa shi ne mai rera ta. Marigayi Ɗan Maraya Jos, a lokacin rayuwarsa, shi ke shirya baitinsa, shi ke kaɗa kuntiginsa, shi ke rerawa, don haka kalmar mawaƙi ko makaɗi ta ishe shi. A kiɗan Turai na dauri kuwa an raba aikin: wani ya zauna ya tsara sautin ya rubuta a takarda, wasu dabam su karanta su kaɗa, ko da bayan mutuwarsa da shekara 200 ne.

A duba simfonin Beethoven na tara, wato dogon kiɗan da babbar ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa tare, wanda aka fara gabatarwa a Biyana ranar 7 ga Mayu, 1824. Mafi yawan baitocin da ake rerawa a ɓangarensa na ƙarshe na wani marubucin waƙa Bajamushe, Friedrich Schiller ne, ya rubuta su tun 1785. Masu goge da masu busa da masu ganga su ne makaɗa, masu ɗaga murya su ne mawaƙa. Shi kuwa Beethoven kurumta ta riga ta ci ƙarfinsa, yana tsaye a gaba yana juya shafukan takarda yana auna bugu da hannu, alhali wani mutum, Michael Umlauf, shi ne yake jagorantar makaɗan. An ruwaito cewa da jama'a suka ɓarke da tafi bai ji ba, sai da ɗaya daga cikin mawaƙan, Caroline Unger, ta juyo da shi ya ga hannaye da idonsa. A wannan dare bai rera ba, bai kaɗa ba, amma duk sautin da ya cika zauren nasa ne. To, wane suna ya dace da shi?

Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar "mai tsara kiɗa". Ba ta da laifi, sai dai kunnen Bahaushe na yau zai kai ta ga wanda ke zaune gaban kwamfuta a situdiyo yana haɗa wa mawaƙi kiɗa. Malamina kuma ya fi son "mawallafin kiɗa", yana mai kafa hujja da cewa Larabawa ma daga wannan tushe suka ɗauko tasu. Hujjar tana da ƙarfi, Malam, amma wallafa ta riga ta karkata ga buga littafi, har da saka rubutu a intanet.

Ni na tsaya a kan "marubucin kiɗa". Mun riga mun bambanta waƙar baka da rubutacciyar waƙa, mun san marubucin waƙa, saboda haka ƙirar ba baƙuwa ba ce. Wanda zai ce ai ba a rubuta kiɗa, ina roƙonsa ya nemi shafi ɗaya na irin takardun nan ya duba: layuka biyar-biyar a jere, ɗauke da baƙaƙen ɗigo kamar ƙwayar gero masu wutsiya, tsayin wurin ɗigo yana nuna kaifin sauti, siffarsa tana nuna tsawon jansa. Rubutu ne sosai, ana koyon karatunsa kamar yadda ake koyon baƙi da wasali.

Kalmar kuma tana lanƙwasuwa yadda Hausa take so. Jam'inta marubuta kiɗa, irin su Bach da Mozart. Idan mace ce, marubuciyar kiɗa. Na gwada ta a kan Clara Schumann, wadda ta rayu daga 1819 zuwa 1896, ta shekara fiye da sittin tana kaɗa fiyano a gaban jama'a, ta kuma bar nata ayyukan a rubuce. Sai mu ce makaɗiyar fiyano ce kuma marubuciyar kiɗa, kowace sana'a da sunanta, abin da kalmar mawaƙiya ba za ta iya yi mana ba.