An kama ɗan yayata a gefen zanga-zanga, yau kwana uku ba a kai shi kotu ba

Mai Albasa, Mile 12:

Assalamu alaikum. Jama'a ina neman shawarar wanda ya san kan wannan lamari, domin kaina ya ɗaure. Ni mutumin Aliero ne, shekara goma sha ɗaya ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Bara bayan babbar salla yayata ta haɗo ni da ɗanta, ta ce ga amana nan. Shekararsa goma sha tara. Turin baro yake yi, yana kai wa masu gidajen abinci kaya.

Ranar Talata da hantsi na aike shi da buhu biyu. A hanya ya tarar an tare titi, mutanen wata unguwa da aka yi wa rusau sun fito da kwalaye. Abokin turinsa ya ce suna tsaye a bakin kwata suna jiran hanya ta buɗe, sai aka harba barkonon tsohuwa, kowa ya yi ta kansa. Shi bai gudu ba saboda ba zai iya barin kayana a titi ba. A nan aka damƙe shi aka jefa mota. Abokin ne ya turo mini baron har rumfa, buhunan na nan yadda suke, da silifa ƙafa ɗaya a kai.

Sai da na zaga caji ofis uku kafin na gano inda yake. Ina kai abinci safe da yamma, a sa ni in ɗanɗana a kanta, a karɓa, amma ba a bar ni na yi magana da shi ba. Jiya wani ya ja ni gefe ya ce in kawo dubu ɗari da hamsin a sake shi, in ba haka ba za a haɗa shi da sauran a kai kotu. Muna wannan magana ne ƙarƙashin allon da aka rubuta cewa beli kyauta ne. Ya kuma gaya mini wai yaron ya riga ya sa hannu a bayaninsa. Yaron nan ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci, broka ma sai ta ciniki. To me ya sa wa hannu?

Uwarsa ta kira sau huɗu, ina ce mata wayarsa ce ta lalace. In biya ko kar in biya? Kuma kwana nawa doka ta ba su su riƙe mutum?

Baban Zango, Agege:

Wa alaikumus salam. Allah ya fitar da shi lafiya. Ɗana, na haura shekara arba'in a garin nan, irin wannan kamen kan mai uwa da wabi na ga shi ba adadi. Kada ka sake zuwa kai kaɗai. Ɗauki shugaban 'yan albasa, in da hali a samu wakilin Sarkin Hausawa, ku je tare cikin mutunci. Idan an ga yaro na da mutane, magana takan sauya. Kuɗin kuma a roƙa a rage, 'yan uwa su yi karo-karo. Na san ba daidai ba ne, ba na kuma cewa daidai ne. Amma kuɗi ana nemansu a samu, yaro kuwa in ya faɗa gidan yari, ba ka san ranar fitowarsa ba. Uwarsa kuma ka faɗa mata gaskiya yau, addu'arta ta fi komai.

Lauya Bazazzagiya, Ikeja:

Malam Mai Albasa, sannu da wannan tashin hankali. Baba ya yi gaskiya a kan zuwa da mutane da kuma sanar da mahaifiyarsa. A kan kuɗin ne zan roƙi Baba ya yi mini afuwa, na saɓa masa.

Bari in fara da tambayarka ta kwanaki. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. A cikin birnin Legas babu caji ofis ɗin da zai ce kotun majistare ta yi masa nisan kilomita 40. Akwai togaciya ga wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, amma yaron da aka ɗauka a bakin titi da baro ba ya cikin wannan. Tun ranar Laraba ya kamata a ce ko an ba da belinsa ko yana gaban alƙali. In suna son ci gaba da riƙe shi, sai da umarnin kotu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar nan da aka ce ya sa wa hannu. Wannan sashe na 35 ɗin ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani wanda ya zaɓa. Ya kuma wajabta a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da yaren da yake ji. Yaren da yake ji Hausa ne. A nan mutanenmu suka fi cutuwa a Kudu. Ana tambayar yaro da broka, yana ta cewa "yes sa" don tsoro, wani yana rubutawa da Turanci, a ƙarshe a kama babban yatsansa a dangwala. Bayan wata shida sai a karanta a kotu cewa ya amsa ya jefi mota da dutse. Dokar shari'ar laifuka ta Jihar Legas ta ce bayanin amsa laifi a ɗauke shi a bidiyo, in babu bidiyo a yi shi a gaban lauyan wanda ake zargi. Saboda haka duk lauyan da ya je, tambayarsa ta farko ita ce: wa ya yi tafinta, ina sa hannun tafintan, wa ke wurin? A kotu ma sashe na 36 ya ba shi tafinta kyauta. Ka gaya masa kada ya amsa komai sai an fassara masa tuhumar da Hausa, ko da alƙali ya ƙosa.

Batun biya: in ka ba da kuɗin nan ba rasit, ba abin da ya tabbatar maka an rufe fayil. Na ga wanda ya biya, aka sake shi, bayan mako biyu aka sake kiransa saboda sunansa na cikin takardar tuhuma tun farko. Belin 'yan sanda na gaskiya takarda ce ake cikewa, mai tsaya masa ya sa hannu zai kawo shi duk ranar da aka nema. Kai ma kana iya tsayawa, mace ma doka ta yarda ta tsaya.

Gobe da sassafe ka je Ofishin Lauyoyin Kare Jama'a na jiha, wanda ake kira OPD, a Surulere. Tun shekarar 2000 aka kafa shi don wanda ba shi da kuɗin lauya, kuma ba a tambayar asalin jiharka. Akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya. Ka rubuto cikakken sunansa, shekarunsa, ranar da lokacin da aka kama shi, da sunan ɗan sandan da ke riƙe da kes ɗin. Ka tafi da abokin turin nasa, shi ne shaidarka. Ita ma mai gidan abincin da ta yi odar albasar, a roƙe ta kada ta goge kiran da ta yi maka a waya ranar Talata. Idan suka ci gaba da riƙe shi, sashe na 46 ya ba da damar zuwa Babbar Kotu neman a fito da shi, kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a.

Ka kuma duba jikinsa idan an bar ka ka gan shi. In akwai tabo ko kumburi, ka nuna wa lauya nan take. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25.

Maman Hanifa, Idi-Araba:

Yaya Mai Albasa, ina karanta maganarka hawaye na zuba, don mun bi ta nan. Ƙanina tela ne. A watan Oktoba na 2020, kwanakin dokar hana fita bayan harbin masu zanga-zangar EndSARS da aka yi a Lekki, ya leƙa shago ya ga ko an fasa, aka kwashe su su bakwai. Mu ma aka nemi kuɗi. Muna ta haɗawa, na sayar da ɗan kunnena, kafin su cika aka ce an riga an kai su kotu.

Abin da ban sani ba a lokacin shi nake so ka sani. Ba laifin taro aka rubuta masa ba, ƙone-ƙone da fashi aka rubuta. Majistare ya ce ba shi da hurumin sauraron irin wannan, ya tura su gidan yari a jira shawarar lauyoyin gwamnati. Wannan jiran ne ya cinye mana wata goma sha huɗu. Duk ranar zama in hau mota biyu in je, a kira sunansa, a ɗage. Wani lokaci ma ba a kawo su ba, a ce babu mota. Ba mu da lauya, ba wanda ke bin fayil ɗin. Da wata lauya ta taimaka ta rubuta takarda tana bibiya, aka fito da shawarar cewa ba shi da abin amsawa, aka sallame shi. Ya fito da ƙazuwa a duk jikinsa, kekensa na ɗinki kuwa mai shago ya riga ya fitar saboda kuɗin haya.

Shi ya sa na fahimci tsoron Baba. Amma mu jiran haɗa kuɗi ne ya kai mu ya baro. Da kwana biyun da muka ɓata muna zagayen 'yan uwa mun kai lauya, da wataƙila an tsayar da abin tun a kanta. Ranar da za a kai shi kotu ka tabbata kana ciki, ka nemi kwafin takardar tuhumar ka ba wanda ya iya karatu ya karanta maka kalma bayan kalma.

Ɗan Gwagwarmaya, Yaba:

Allah ya kuɓutar da shi. Ina so in ƙara abu ɗaya, domin na ji wasu a masallaci suna cewa me ya kai ɗan Arewa wajen zanga-zangar mutanen gari. Shi dai wucewa yake yi. Amma ko da ya tsaya ya ɗaga kwali, bai yi laifi ba. Sashe na 40 ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana. Shari'ar da ta tabbatar da hakan ma daga Arewa ta samo asali: bayan an tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano a 2003 da barkonon tsohuwa, aka je kotu, a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taro. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma cewa ta yi aikinsu su ba masu gangami tsaro.

Mun ga inda shiru ke kai mu. A ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da yaran Kano da Kaduna a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, kusan wata uku bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Beli naira miliyan 10 kowanne. Sai da hotunan suka karaɗe duniya Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. A nan Legas kuma, a Oktoba 2023 ƙungiyar Amnesty ta ce akwai aƙalla mutum 15 da aka kama tun zanga-zangar EndSARS ta 2020 suna tsare a Kirikiri da Ikoyi, yawancinsu ba a yi musu shari'a ba. Mai Albasa, in kana buƙatar mai raka ka Surulere, ba ni da lacca gobe da safe, zan iya yi maka tafinta.

Baban Zango, Agege:

Lauya, na ji, kuma na karɓa. 'Yata Maman Hanifa, Allah ya mayar da alheri. Abin da na sani na zamaninmu ne. Amma duk da haka a tafi da shugaban kasuwa, ko a kotu za a nemi mai tsayawa da ke da adireshi tabbatacce.

Mai Albasa, Mile 12:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Ban biya ba. Da asuba na kira yayata na faɗa mata, ta yi kuka, ta ce in yi abin da ya dace. Mun je Surulere da ɗan uwan nan na Yaba da abokin turin. Da azahar muka isa caji ofis da lauya da shugabanmu, aka fito da shi muka zauna a benci ɗaya. Ya rame, idonsa ja, akwai shatin ankwa a hannunsa, lauya ta ɗauki hoto. Ya ce an tambaye shi sunansa da garinsu ne kawai, aka ba shi takarda cike da rubutu aka ce ya dangwala. Ba wanda ya fassara masa. Abin da ya fara tambayata shi ne ko albasar ta isa.

Ba su sake shi ba, sun ce su goma sha ɗaya ne a fayil ɗaya, Litinin za a kai su gaban majistare. Lauya ta ga tuhumar, taro ba bisa ƙa'ida ba ne da tayar da hankalin jama'a, ta ce ana ba da beli a kansu, ta kuma rubuta a tanadi tafintan Hausa. Ta ce in shirya mutum biyu masu tsayawa, da katin shaida da shaidar biyan haraji ta Legas. Shugabanmu ya ce zai tsaya. Ina neman na biyu kafin daren Lahadi. Akwai kuma wani yaro Bazabarme a cikin goma sha ɗayan, mai sayar da ruwa, ba wanda ya zo nemansa tun Talata. In akwai wanda ya san shugaban Zabarmawa na wajen Ketu, don Allah ya sanar da shi.