Zanen saƙin kakata: in ba tela ya yanka ko in bari?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Kakata ta wajen uwa ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Da aka buɗe adudunta aka tarar da zanen saƙi biyu, ɗaya baƙin rini, ɗaya fari mai ratsin ja, da atamfa 'yar Holan wadda ba a taɓa sa mata almakashi ba, da tsakiya, da awarwaron azurfa da ya yi baƙi ƙirin. Inna ta ce in ɗauka tunda ni ce takwararta. Bikin ƙanwar maigidana a watan Afrilu ne, kun kuwa san Maradi a bazara, zafi ya wuce digiri 40, leshi da shadda gasa mutum suke yi. Ina sha'awar doguwar rigar nan sakakkiya mai faɗin hannu da ake yayi a Instagram, wadda ake ce wa boho, a zuba mata duwatsu a wuya. Telana ya ce a yanka baƙin zanen. Ni dai hannuna ya ƙi miƙa masa. Me kuka gani?

Hajiya daga Tibiri: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya gafarta wa tsohuwa. Kafin zancen tela, Innarki ita kaɗai ta haifa? In akwai kawunnanki da sauran iyayenki mata, kayan nan gado ne, suna da haƙƙi a ciki, musamman azurfar. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya su ce sun bar miki. Na ga zumunci ya ɓaci kan abin da bai kai wannan ba, kuma ranar biki, gaban jama'a, ake tada irin wannan magana.

Mai tambaya: Hajiya, su huɗu ne, kuma duk sun yarda, sai dai ƙaramarsu ta ce kada a yanka baƙin, da shi aka goye su duka.

Wata mai ɗinki a unguwar Zariya: To ai ta raba gardama. Kuma ko ba ta faɗa ba, ni ba zan yanka shi ba. Saƙin hannu ba yadin kanti ba ne. Masaƙa layi-layi suke fitar da shi, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, sannan a harhaɗa da allura. Da almakashi ya ratsa shi a karkace, zaren sai ya yi ta zarewa, ga shi ya tsufa, keke ma yana iya cin bakinsa. Wanda ya ce miki a fitar da hannu da wuya a jikinsa bai taɓa ɗinka irinsa ba. Ki ɗaura baƙin yadda yake, ko ki yafa shi a kafaɗa. In kin matsu sai saƙi ya shiga rigar, ki warware layi biyu daga gefen farin, ta wurin haɗin, a bi bakin wuya da bakin hannu da su. Rigar kuwa a yi ta da atamfar, buba mai walawa, ba shafi a ciki, iska ta shiga ta fita. Auduga ce zalla, ita ce maganin bazara.

Wata daga Tasawa: Ni kam ban yarda a yi ta ɓoyon kaya ba. Kakanninmu sawa suke yi. Abin da aka rufe a akwati gara da asu ke gādonsa. Atamfar dai ki yanka ba tare da wani ɗar ba, don ɗinki aka saye ta. Amma ki buɗe ta a haske tukuna, ki ja wurin ninkin a hankali, don nan ne tsohuwar atamfa ke fara rubewa.

Wata 'yar'uwa daga Bagalam: Ki kula da baƙin nan, shuni yana zuba. Ga gumin Afrilu, in kin ɗora shi kan farar riga kin gama da ita. Ruwan sanyi kawai, shi kaɗai a bokiti, ban da omo, ban da zabel, ruwan nan mai kashe launin tufa, shanya a inuwa. Azurfar kuma toka mai laushi da lemun tsami, ki goge da tsumma. Kada ki yarda maƙeri ya ce zai narke ta ya yi miki sabon yayi. Tsakiyar ki sake mata zare tun yanzu, kada ta watse miki a filin rawa.

Hajiya daga Tibiri: Kuma kada ki jibga su duka rana guda kamar mai talla. Tsakiya da awarwaro sun isa. Jaka da takalmi ki je wurin dukawa a babbar kasuwa, su yi miki na fatar jar akuyarmu ta Maradi, wadda har Turai ake nema. Ja da baƙin shuni suna shiga da juna.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baƙin ba za a taɓa shi ba. 'Yar'uwa ta Zariya, atamfar turmi guda ce cif, za ta isa buba har ƙasa da kallabi?

Mai ɗinki: Yadi shida ne, za ta isa har da saura, in dai ba ki ce hannun ya ja ƙasa ba. Ki kawo ta kafin layin ɗinkin biki ya taru, ki zo da farin zanen ma in duba haɗinsa.