"Da ruwan ciki ake jan na rijiya": me Hajiya take nufi?

Uwar Gida Pantami: Salamu alaikum. Jiya muka ɗan sami saɓani da surukata kan lambun bayan ɗakina. Tumatir na ta zubar da fure, na ce laifin zafin bazara ne. Ta dubi ƙasar ta ce, "Da ruwan ciki ake jan na rijiya," ta wuce. Da ni take ko da shukar?

Ɗan Dadin Kowa: Wa alaikumus salam. Da ƙasar take. Mu nan bakin dam, injin ban ruwa sai ka ɗura masa ruwa kafin ya jawo. Ƙasar da ba ta ci taki ba haka take, ki zuba da asuba, kafin hantsi ta bushe. Ki sa ruɓaɓɓen kashin awaki, ki rufe gindin da ƙaiƙayi. Amma gaskiyarki kan zafi, tumatir ba ya son Maris da Afrilu. Kuɓewa da alayyahu da yakuwa su ne 'yan bazara.

Malamin Bolari: A'a, maganar jari ce. Mai abu a hannu shi ke samun ƙari.

'Yar Kumo: Kun tuna min da kakata, Allah Ya jiƙanta. Tana da kuɓewa gindi bakwai a bayan madafi, rijiya kuwa da nisa. Sai ta binne tulu har wuya a tsakiyarsu, ta cika shi, ta kife ƙoƙo a baki. Tulun na tsatsafowa a hankali, saiwa na zagaye shi. Sai bayan kwana uku ko huɗu ake ƙarawa. Ruwan wankin shinkafa da na alwala duk can yake tafiya. Ranar da na fasa tulun da tabarya na ɓoye, ba ta ce min komai ba. Washegari tun duhun asuba ta tashe ni, ta miƙo min kunu ta ce in sha, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sati biyu ina jigilar ruwa. Har yau in na ga furen kuɓewa sai idona ya ciko.

Uwar Gida Pantami: Allah Ya kai haske kabarinta. Tulu sabo ko tsoho?

'Yar Kumo: Kowanne, in dai ba a shafe shi da siminti ba.

Mai Kayan Gwari Kwadon: Namu ruwan cikin taliya ce da sabulu ranar zaɓe. Sun ja ƙuri'a, rijiyar burtsatsen da suka tona ko wata uku ba ta yi ba!

Malamin Bolari: Ka dawo kan karin magana, Alhaji.

Mai Kayan Gwari Kwadon: Ai a kanta nake.

Ɗan Dadin Kowa: Uwar gida, in kin ga ƙwari a ƙarƙashin ganye, ki daka ganyen dogon yaro ki jiƙa ya kwana, ki tace ki yayyafa da yamma.

'Yar Kumo: Ni dai ina ga Hajiya cewa take ki riƙa karyawa kafin ki shiga lambu. Kin tambaye ta kuwa?

Uwar Gida Pantami: Surukata? Wa zai iya! Wa ya san inda ake sayar da tulu a Tsohuwar Kasuwa?